Katsina zuwa Maraɗi: wa ke kiran wa idan an kore shanu?

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba. Mai motar kansa, idan hanya da lafiya, sai ya yi sallar asuba a Katsina ya isa Maraɗi kafin hantsi ya dubi ludayi. Mu kuwa motar haya muka bi, ni da Yaya, za mu je gaisuwar rasuwar matar Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya zauna can tun yana saurayi yana dillancin shanu. A gidanmu ba a cewa an tafi ƙasar waje idan za a je wurinsa. Maraɗi kawai ake cewa, yadda ake cewa Kano ko Funtuwa.

Mota ta cika, ɗan kamasho ya karɓi nasa, amma direba bai tayar ba. Dattijo ne mai furfura a gemu, da waya biyu a aljihun gaba, ɗaya layin Najeriya ɗaya na Nijar. Ya kira wani a Jibiya, ya kira wani a Ɗan Isa, duka tambaya ɗaya: "Ya hanya? An ji wani motsi?" Sai da ya ji abin da ya kwantar masa da rai sannan ya yi bismilla ya murza makulli. Wata mata a baya ta yi ƙorafin ana ɓata mata lokaci, ya dube ta ta madubi ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, gara a makara a isa." Na tambaye shi ko kullum haka yake yi. Ya ce tun shekarar 2021 ya saba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana. Mutanen bakin iyaka suka koma hawa tudu suna kamo sabis ɗin Nijar, su ma ɓarayin haka suka yi. "To ka ga, Malam, wanda ba shi da layi biyu shi aka kashe wa waya."

Shingayen da ke tsakanin Katsina da Jibiya ban ƙirga ba, don ƙirgawa ɓacin rai ne. Wasu na masu kaki ne da bindiga, wasu na masu kaki ne da biro, wasu kuwa igiya ce da ganga da wani yaro sanye da rigar da ba a san ta wace hukuma ba ce. Direba ya riga ya ware canji a gaban sitiyari. Hannu ya fita ta taga, hannu ya dawo, a sauke igiya. Ba wanda ya buɗe but, ba wanda ya tambayi ko su wa ke cikin motar. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai a wannan tsakanin shi ne ganin aikin layin dogo daga nesa, jar ƙasa da aka tara da manyan motocin kamfani. Wannan shi ne jirgin Kano zuwa Maraɗi da aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, zai biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa. An sha zagin Buhari a kansa, ana cewa ya kwashi kuɗin Najeriya zai yi wa dangin uwarsa jirgi. Masu wannan magana ba su taɓa tsayawa a Magama sun ga tirelolin da ke jere ba.

Magama ita ce bakin boda. 'Yan canji zaune a kan benci da damman kuɗi ɗaure da roba, masu shayi, 'yan acaɓa da ke kiran "ta baya, ta baya" ga wanda ba shi da takarda. Yaya ya canza kuɗin sadakar da za mu kai, ya dawo yana girgiza kai, don jika guda ta sefa yanzu ta haura naira dubu biyu. Da can mutanen Nijar ke zuwa da sefa suna rarrashin mai naira.

Wannan ƙofa ta sha rufewa. A Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana shigo da shinkafa da fitar da fetur. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe da shan iska ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Nijar suka tsare shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake datse ƙofar har zuwa Maris ɗin 2024. Wani mai shayi da muka zauna wurinsa kafin a gama duba takardun mota ya ce duk wannan rufewar ƙofar tirela aka rufe. Babur bai taɓa tsayawa ba, raƙumi bai tsaya ba, mai bindiga kuwa ko labarin an rufe bai dame shi ba. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, jihohi 7 na Najeriya ke jingine da ita, daga Kebbi har Borno, kuma galibinta gonar gero ce da daji. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, suka bar wani gari a kudu gonakinsa a arewa.

A Ɗan Isa jandarma ya karɓi katunanmu ya juya su gaba da baya. Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, sun kafa tasu ƙungiyar ta AES, don haka na taho da fargabar ko za a nemi wata takarda da ba mu da ita. Ya tambayi inda za mu da dalilin zuwa. Yaya ya ce gaisuwar mutuwa. Sai ya miƙo katunan ya ce, "Allah shi jiƙan ta. Ku gaida mutanen gida." Hausarsa irin ta Gobirawa ce, shi ma daga ganin zanen fuskarsa ka san ko ɗan ina ne.

Daga nan hanya ta miƙe, kwalta siririya amma ba ramuka sosai. Can gefe ana hango korayen itatuwa sun bi kwari, wato Gulbin Maraɗi. Ruwan nan daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa dam ɗin Jibiya, ya shiga Nijar ya zagaya ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima a ƙasar Sakkwato. Saboda irinsa ne ƙasashen biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Komadugu Yobe can gabas. Kafin ita ma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, tun 1971, ofishinta na Yamai. Takardu dai ba su yi mana ƙaranci ba. Wani fasinja ɗan Madarumfa, mai noman rani, ya ce shi abin da ya sani, shekarar da aka riƙe ruwa a Jibiya tabarsa da tumatirinsa kan ji jiki, shekarar da aka saki da yawa ba sanarwa kuma ya ci gonar. Ya ce da za a riƙa bugo waya kawai kafin a buɗe, da ya gode.

Mun isa Maraɗi ana kiran azahar. Kabu-kabu ya kai mu ƙofar gida, muka tarar da tabarmi shimfiɗe har bakin titi. Muka durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Kun sha hanya. Ya kuka baro Yaya?"

Mahaifiyarmu yake nufi. Muka ce tana gaishe shi, ƙafa ce ta hana ta zuwa. Aka yi addu'a, aka shafa, aka kawo fura a ƙwarya.

Wanda bai san tarihi ba zai yi mamakin jin ana kiran sarkin garin nan Sarkin Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu, da birnin Katsina ya faɗa hannun Fulani wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri kusa da su. Shekaru da dama daga nan ake ɗaura yaƙi a kai hari ƙasar Katsina da Zamfara, irin su Ɗan Baskore har yau ana ambaton sunansu. Tsohon garin ma a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta tilasta aka hau tudu. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka zumuncin da ke tsakaninmu bai taɓa ganin jini ba. Ya gani, aka kuma zauna aka yi auratayya da ciniki a kansa.

Zaman makoki a ƙasar Hausa majalisa ce. Bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ragu, hira ta koma kan abin da ke cin kowa. Rabin mutanen da ke kan tabarmar sun zo ne daga Jibiya da Batsari da Sabon Birni, rabi 'yan gari da na ƙauyukan Gabi da Safo. Labarin iri ɗaya ne: an zo da dare a kan babura, an kore shanu, an ɗauki matar wane, an nemi miliyan kaza. Abin da ya bambanta shi ne ko da naira aka nemi fansar ko da sefa. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi ya dangana da iyaka, daga can kuma daji ne ke miƙa wa daji hannu har Rugu da Zurmi. Wanda aka sace a ƙasar Madarumfa sau da yawa a Zamfara ake karɓo shi.

Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai farin gilashi, shi ya tuno taron da aka yi a nan Maraɗi a Satumbar 2019. Gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya zo, na Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal ya zo, na Zamfara Bello Matawalle ya zo, gwamnan Maraɗi na lokacin Zakari Umaru ya karɓe su, aka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da 'yan bindiga da satar shanu tare. Ya ce ranar gari ya cika da jiniya. Ni abin da na riƙe game da taron shi ne lokacinsa: makonni kaɗan bayan Abuja ta rufe boda. Gwamnoni na rungumar juna a Maraɗi, a Magama kuma ana kwance wa mai buhu biyu kayansa. Duk da haka malamin bai yarda a ce taron banza ne ba. Ya ce bayan nan an ga sojojin ɓangarorin biyu suna sintiri, kuma kumandan na nan ya samu lambar kumandan na can. A ganinsa wannan lambar ita ce ribar taron duka.

Kawu, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai tanka ba, ya ce, "To ina lambar take yanzu?"

Ba wanda ya amsa, don kowa ya san inda ta tafi. A Agustan 2023 ƙasashen nan biyu sun kai gaɓar da ake maganar yaƙi. ECOWAS ta ba sojojin Yamai wa'adin mako guda, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi, magani da abinci suka yi tsada. Mutanen Maraɗi ba su manta duhun nan ba, kuma ba su ɓoye mana ba. Wani matashi ya ce da ni, cikin ladabi amma ido cikin ido, "Yaya, ƙanwata a likita ta haihu da fitilar waya." Ban sami abin ce masa ba sai Allah ya kyauta.

Abin da ya hana wutar nan kamawa ba daga ofis ya fito ba. Sanatocin arewa sun ce ba su yarda da yaƙi ba. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai da sunan ECOWAS, zuwan farko ko ganin jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, ba su yi ba. Wanda ya fara zama da shi a bainar jama'a daga Najeriya shi ne Muhammadu Sanusi na biyu, tare da Sarkin Damagaram. Bayansa ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je, aka zauna aka yi magana da Hausa ba tafinta. Ana iya saɓa wa kowane ɗayansu a kan wasu abubuwa, ni ma ina da nawa, amma a makon nan rawani da alkyabba sun buɗe ƙofar da kwat da taye suka kasa.

Tun daga nan dangantakar ta zama wasan 'yar carafke, yau sama gobe ƙasa. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumi. A Agustan shekarar Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, aka ce za a dawo da aiki tare. A Nuwamba hedikwatar tsaron Najeriya ta fito ta yi maganar ƙungiyar 'yan bindigar nan ta Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta shigowarsu da giɓin da aka samu a sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulki. A ƙarshen Disamba Tiani ya yi hira da Hausa a talabijin ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa Nijar, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito shi ma da Hausa ya musanta. A ƙarshen Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi, wadda ke da hedikwata a Njamena, ta ce za ta mayar da hankali kan tsaron wuraren man feturinta. Makonni kaɗan bayan haka Yusuf Tuggar, ministan harkokin wajen Najeriya a lokacin, ya sauka Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, aka sake maganar farfaɗo da hukumar nan ta 1971, da jirgin ƙasa, da tsaro. Mai sauraron rediyo a Gabi ya ji duk wannan, kuma a duk tsawon lokacin bai daina kwana da shanunsa a cikin gida ba.

Washegari Kawu ya ce zaman gida ya ishe shi, in raka shi kara, kasuwar dabbobi. Ba ciniki zai yi ba, akwai wata magana da ta taso kafin rasuwar. An kore wa wani Bafulatani abokin huldarsa shanu daga wani ƙauye kudu da Madarumfa, ya zo ya faɗa masa. Muna isa aka shimfiɗa masa buzu a rumfar dillalai, aka yi masa gaisuwa, sannan ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu, bangonsa ya yi baƙi don shan hannu. Lambobin waya ne cike, an rubuta wasu da boko wasu da ajami, kowace da sunan kasuwa a gefenta: Jibiya, Mai'aduwa, Illela, Ƙonni, Shinkafi, Maigatari. Bafulatanin ya tsuguna yana siffanta shanun ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana maimaitawa cikin waya. Farar saniya mai karyayyen ƙaho na hagu. Jan bijimi mai tsaga biyu a kunnen dama. Wata baƙa mai tabon wuta a cinya, tana da ciki. Ba hoto, ba takarda, amma mutumin da ke ɗaya gefen ya ce ya gane, zai sa yara su zuba ido ranar kasuwa, zai kuma gaya wa sarkin fawa kada a yanka mai irin wannan kama sai an tambaya.

Na tambayi Kawu ko ana dacewa. Ya ce wani lokaci. Ƙa'idar kara tsohuwa ce: baƙo ba ya sayar da dabba sai ta hannun dillalin da ya san shi, wanda zai tsaya masa idan magana ta taso. Dillalin da aka kama ya karɓi la'adar shanun sata sau biyu, ya gama cin abinci a kasuwannin ƙasashen biyu. Ya ce abin da ya lalata tsarin shi ne yanzu ɓarayin ba sa bukatar kara. Da dare ake loda wa mota a bakin daji, gari na wayewa ta yi nisa. "Motar nan kuwa, ɗana, ta gaban shinge nawa take wucewa?" Na tuna hannun direbanmu yana fita ta taga yana dawowa.

A nan na fahimci inda ƙarfin irin su Kawu ya tsaya. Suna da amana da sanin juna, ga harshe ɗaya, ga auratayya. Ba su da bindiga, ba su da ikon kama kowa. Idan dillalin Jibiya ya ga jan bijimin, iyakarsa ya gaya wa mai gari ko hakimi, shi kuma ya kai wa hukuma, hukumar kuma sai ta ga dama ta yarda cewa ƙarar mutumin wata ƙasa ta shafe ta. Sojan Nijar da ya biyo sawu yakan ja birki idan ya zo iyaka, na Najeriya ma haka, don ƙetarewa da makami sai da izinin manya, manyan kuma ba kullum suke gaisawa ba. Ɓarawo ya san wannan sarai. Shi ya sa yake sata a nan ya kwana can. In ana maganar haɗin kai tsakanin ƙasashen nan biyu, abin kunya ne amma gaskiya ce, babu wanda ya kai 'yan bindiga iya shi: mai kawo makami daga arewa, mai kawo fetur daga kudu, infoma a kowane gari, kuma ba su taɓa janye jakada ba.

Da muka dawo gida na tarar da wata mata a tsakar gida tana taya wanke-wanken sadakar uku. Hausarta ta Sakkwato ce. Matar ɗan Kawu ta ce mini 'yar gudun hijira ce daga ƙasar Sabon Birni, marigayiya ce ta ɗauke ta tana ba ta aiki. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Runji da kewaye. Ƙauyuka suka karɓe su a gidajensu kafin ma hukuma ta iso, daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Na gaishe ta na ce, "Inna, ba kya marmarin gida?" Ta ce ta koma sau ɗaya da damina don ta yi shuka, sai aka ce sai garin ya haɗa kuɗin noma ya kai daji kafin a taɓa gona. Ta dawo. Lokacin takunkumi, da ake zagin Najeriya a kowace rumfa, ta ce ba wanda ya taɓa ce mata ta tashi ta koma ƙasarsu. Ta ci gaba da cuɗa tukunya, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Da dare 'ya'yan Kawu suka ja ni fadarsu, inda samari ke dafa shayi a kan gawayi a ƙofar wani shago. A nan ne aka yi mini tambayar da ta fi kowace wuya. A farkon 2025 mutanen ƙaramar hukumar Jibiya sun yi zaman sulhu da 'yan bindigar yankinsu, wasu ƙananan hukumomin Katsina suka bi sahu. Mu a gida mun ga sauƙi, hanya ta buɗe, kasuwa ta dawo, manoma sun shiga gonakin da suka shekara ba su taka ba. Wani saurayi mai karatun shari'a a jami'ar garin ya ce, "Kun yi sulhu, madalla. Bindigoginsu fa, kun karɓa?" Na ce ba duka ba, a iya abin da aka faɗa. Ya ce, "To wanda ya yi alkawarin ba zai taɓa Jibiya ba, kuma yana da bindiga, yana da yara ɗari da zai ciyar, ina zai nufa? Da kuka zauna da su, akwai mutumin Madarumfa ko ɗaya a wurin?"

Wani ya karɓe da cewa laifin Najeriya ne duka, can ɓarayin suke, can suke kai kaya. Ɗan Kawu ya ce a yi adalci, makaman ta ina suke bi kafin su isa Zamfara, ba ta hamadar Agadas ba? Gardama ta kaure, har aka kai ga Faransa da Rasha da AES, kowa na da bidiyon da ya gani a TikTok. Ni hankalina ya tsaya a kan tambayar ɗalibin. Ban ga laifin mutumin Jibiya da ya nemi ya kwana da ido biyu rufe ba, bayan shekarun da ya yi yana binne 'yan'uwa. Amma sulhun da aka yi a gefe ɗaya na daji, ba a gayyaci na ɗaya gefen ba, kora ce aka yi wa matsalar zuwa gidan maƙwabci, maƙwabcin kuma ɗan ƙanwar babarka ne. Haka farmakin soja ma. Idan an matsa musu a Zurmi su ɓullo Gabi, idan an matsa a Gabi su koma Batsari. Abin da ya kamata a ce yana nan kullum, ko Abuja da Yamai suna shiri ko suna gaba, bai fi ƙarfin kowa ba: hakiman bakin iyaka da kumandojin da ke wurin da sarakunan kara su riƙa zama duk wata, yau a Jibiya gobe a Ɗan Isa, kuma kada juyin mulki ko zaɓe ya shafi wannan zaman. Na faɗi haka a fadar. Ɗalibin ya yi dariya ya ce hakimi ba ya zuwa taro a wata ƙasa sai gwamna ya sani, gwamna kuma sai ya tambayi sama. Ya miƙo mini kofi na uku, mai zaƙin.

Ranar komawa Kawu ya hana mu jiran la'asar, ya ce duk sulhun da aka yi shi bai yarda da hanyar nan ba idan rana ta karkata. Ya ba mu kilishi da ƙullin goro mu kai wa mahaifiyarmu, ya kuma yago takarda daga littafin nan nasa ya rubuta lambar wani dillali a Jibiya, ya ce in mun tsaya mu gaishe shi mu tuna masa maganar Bafulatani. Mun tsaya, mun same shi yana cin abinci a rumfa, ya ce yana sane.

Bayan mako biyu Kawu ya kira Yaya. An ga farar saniyar mai karyayyen ƙaho da wata guda a hannun wani mahauci, ya ce saya ya yi, ya kuma faɗi wanda ya sayar masa. Mai gari ya sa an riƙe su, ana jiran Bafulatanin ya zo da shaidu biyu ya rantse. Sauran an ce an yi Zurmi da su, dillalin da Kawu ya sani a can kuwa ya rasu bara, ɗansa bai gaji sana'ar ba. Ya ce Yaya ya tambaya masa a kasuwar Katsina ko akwai mai lambar wani amintacce a can.